Kowane Maharbi da Tsawon Jansa

'Ya'yana na Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, duk saurayin da ya zo mini da hoton bakan nan na zamani a wayarsa, mai taya sama da ƙasa, wanda 'yan wasa ke kira kwampawun, tambayarsa ta farko ɗaya ce: laba nawa yake ja? Wani ya ƙara da tambayar gudun kibiyarsa. Da wuya a sami wanda zai fara da abin da ya kamata a fara da shi, wato ko bakan ya yi daidai da tsawon hannuwansa. Shi ya sa na ga ya dace in zauna in rubuto muku, tun kafin wani ya sayar da tumakinsa ko ya ƙarar da abin da ya tara na kakar bana a kan kayan da za su gurɗe masa kafaɗa.

Sha'awar da kuke yi ba ta ba ni mamaki ba, kuma ina murna da ita. Harbin kibiya gadonku ne. A Tafkin Kwatto, a 1804, dawakin jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo 'yan kaɗan ne, maharba ne suka tsaya wa baraden Gobir har aka yi nasara. A 1808 da aka ci Alƙalawa, can ta wajen Sabon Birni, Namoda, wanda garin Ƙaura ke ɗauke da sunansa, yana cikin jagororin rundunar. Kafin wannan da bayansa, kakanninku sun ciyar da gidaje da baka da kwari, har yau kuma akwai garuruwan da ke naɗa Sarkin Baka. Addininmu ma ya kwaɗaitar da koyon harbi, kuma kun san sunan da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya yi a wannan fage. Saboda haka ba zan ce ku bari ba. Abin da nake so shi ne ku shiga da sani.

Ku fara gane bambancin bakan kakanninku da wannan. Bakan gargajiya itace ne da tsarkiya. Gwargwadon yadda ka ja, gwargwadon yadda yake ƙara tauri, kuma kai ne ke yanke inda za ka tsaya. Mai dogon hannu ya ja da yawa, mai gajeren hannu ya ja kaɗan, bakan bai damu ba. Uba zai iya miƙa wa ɗansa nasa, ɗan ya ja iya ƙarfinsa ya saki. Shi kuwa mai tayoyi, wani Ba'amurke ne mai suna Holless Wilbur Allen ya ƙirƙiro shi a jihar Misuri, ya nemi rajistar ƙirarsa a 1966, aka ba shi a 1969. Tayoyin nan ba su cika da'ira ba, gefe ɗaya ya fi tudu. Idan ka fara ja, nauyin yakan hau da wuri ya kai ƙololuwa, sai tayoyin su juya, nauyin ya faɗi, sannan tsarkiyar ta tsaya cak, ba ta ƙara ko taƙi. Wurin tsayawar nan maharba ke kira bango. Bakan da nauyin jansa laba 60 ne, kusan kilo 27 ke nan, in yana sassauta kashi 80 cikin ɗari, to laba 12 kaɗai kake riƙe da ita a bango. Daɗin bakan ke nan: kana iya tsayawa ka daidaita saiti ba tare da jiki yana rawa ba.

Tarkon kuma a nan yake. Bangon nan ba kai ka sa shi a lokacin harbi ba, an riga an sa shi da ƙarfe da dunƙule kafin ka ɗauki bakan. In ya zo daidai inda ƙasusuwanka ke zama cikin natsuwa, madalla. In ya wuce nan ko bai kai ba, jikinka ne zai lanƙwashe ya bi bakan, kullum, a kowace kibiya, har lanƙwasar ta zame maka ɗabi'a. Manomi ya san wannan a gona. Ƙotar fartanyar da aka sassaƙa wa dogon mutum, in gajere ya yini da ita, da yamma bayansa ne zai ba da labari, alhali fartanyar lafiyarta ƙalau.

To yaya mutum zai san nasa tsawon jan? Akwai awon farko da kowa zai iya yi a tsakar gida. Ka jingina bayanka da bango, ka ware hannuwanka daidai kafaɗa, tafuka suna kallon gaba, kamar mai auna igiyar guga gaba guda. Kada ka miƙe har jijiyoyi su ɗaure, kada ka yi ɗage, ka tsaya yadda Allah ya halicce ka. Wani ya ɗauki tef ɗin tela ya auna daga kan dogon yatsan tsakiya na wannan hannu zuwa na wancan, da inci. Abin da ya fito a raba shi da 2.5. Wanda faɗin hannuwansa inci 70 ne, jansa zai kama inci 28. Mai inci 65 zai kama 26. In da santimita aka auna, a raba da 6.35, amsar za ta fito da inci. Yarinyar da aka auna ta santimita 160, jan ta bai wuce inci 25 da ɗan ɗoriya ba. Kada ka auna kanka da kanka, domin hannun da ke riƙe da tef ba ya ware daidai. Kada kuma ka ce ai tsayinka da faɗin hannuwanka ɗaya ne. Sau da yawa sukan yi kusa, amma a cikinmu akwai masu dogayen hannuwa da yawa, bambancin inci biyu ko uku kuwa ya isa ya canja lissafi.

Akwai wani lissafin da wasu ke bi: a cire 15 daga faɗin hannuwa, a raba saura biyu. Ku gwada ku gani. Mai inci 75, duka hanyoyin biyu 30 za su ba shi. Mai inci 70, ɗaya ta ce 28, ɗaya ta ce 27 da rabi. Mai inci 65, ɗaya ta ce 26, ɗaya ta ce 25. Gwargwadon gajartar hannu, gwargwadon saɓanin hanyoyin biyu, har ya kai inci guda cur. Wannan ya isa ya nuna muku cewa lissafi ƙofar shiga ce kawai. Faɗin ƙirji, tsawon wuya, siffar muƙamuƙi, yadda mutum ke riƙe baka, duk suna da ta cewa, kuma tef ba ya ganin su. In lissafinka ya faɗa tsakanin lamba biyu, ɗauki ƙaramar. Bakan da ya gaza da rabin inci ana harbi da shi lafiya. Wanda ya zarce da rabin inci yakan ɓata tsayuwa gaba ɗaya.

Nan ne nake so mu ɗan daɗe, domin nan mafi yawan samari ke faɗawa. Kusan duk wanda na gani da matsala, jan ne ya yi masa tsawo, kuma yawanci da son ransa. Dalili biyu ne. Na farko, yana ganin lamba 30 ta fi 27 nuna jarunta, kamar dai tsawon hannu abin yabo ne ko abin zargi. Na biyu, gudun kibiya. Gaskiya ne, kowane inci guda da aka ƙara yana ƙara wa kibiya gudun kusan ƙafa 10 a daƙiƙa. Gudun da kamfanoni ke rubutawa a kwali kuwa, an auna shi ne da nauyin ja laba 70, da tsawon ja inci 30, da kibiya mai nauyin giren 350, wato giram 23 ba kaɗan. Yaro ya ga an rubuta ƙafa 330, sai ya ɗauka in bai ja inci 30 ba an cuce shi. Ɗana, tsaya ka yi lissafi. A gasar duniya mita 50 ake harbi da wannan baka. Kibiya tana cin wannan tazara cikin rabin daƙiƙa da 'yan kai. Ƙafa 10 da ka ƙara ba za su rage maka ko ƙiftawar ido ba. Amma zoben maki goma da ake nema a allon, faɗinsa santimita 8 ne kacal, kuma kibiya 72 ake harbawa a zagayen tantancewa. Ba a ba kowa maki don kibiyarsa ta riga isa. Ko masu shirya gasar, hukumar World Archery, sun ƙayyade nauyin ja kada ya wuce laba 60. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Ga abin da ke faruwa da wanda jan ya yi wa tsawo, in kun lura za ku gan shi da idonku. Don ya kai bango, sai ya sandare gwiwar hannun da ke riƙe da baka, kafaɗar wannan hannu ta ɗago ta nufi kunne. Sai ya karkata baya daga ƙugu, ya janye kansa, hannun ja ya wuce muƙamuƙi ya tafi neman bayan kunne, inda babu wani ƙashin da zai jingina da shi. Gwiwar hannun ja ta faɗi ƙasa ko ta zagaya bayan kai. Tun da ƙasusuwa sun bar layi, tsoka ce ke ɗauke da komai, tsoka kuwa gajiya take yi. Sai ka ga saitinsa yana yawo a fuskar allo, ya yi dama ya yi hagu. In ya ɗan saki jiki, tayoyin su fizge tsarkiyar gaba, kafaɗa ta amsa. In ya harba, tsarkiyar ta zabge shi a cikin damtse, wurin ya kumbura ya yi baƙi. Na ga samari suna nuna wannan tabon suna dariya, kamar lambar yabo. Ba abin dariya ba ne. Tabon yana warkewa cikin mako, amma tsoron da yake shukawa ba ya warkewa da wuri: jiki ya koyi zabura kafin a saki, kuma wanda ya koyi zabura yakan shekara yana neman rabuwa da ita. Ciwon kafaɗa kuwa shiru yake shigowa. Yawancinku da kafaɗun nan kuke noma, kuke tuƙa babur, kuke ɗora buhu a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis. Ba abin wasa da su ba ne.

Wanda jan ya yi wa gajarta shi ma yana da alamu, sai dai cutarsa ta fi sauƙi. Za ka gan shi a takure, gwiwar hannun baka ta lanƙwashe da yawa, kansa ya sunkuyo gaba yana neman tsarkiya, gwiwar hannun ja ta tsaya a gefe ba ta shiga bayan kibiya ba. Saitinsa ba ya yawo mai faɗi, karkarwa yake yi da sauri.

Wanda nasa ya zauna daidai kuwa, kallonsa ma daɗi gare shi. Yana tsaye sak, nauyinsa a kan ƙafafu biyu, kansa a inda yake kafin ya ɗaga bakan. Kafaɗu biyu a ƙasa. Hannun baka a miƙe amma ba a sandare ba. Tsarkiya ta taɓa kan hancinsa ta bi ta gefen bakinsa, gindin kibiya yana ƙarƙashin idonsa, ƙashin yatsansa ya sami mazauni a kusurwar muƙamuƙi. In ka tsaya bayansa, za ka ga gwiwar hannun ja da kibiyar suna kan layi ɗaya, ko gwiwar ta ɗan ɗara sama kaɗan. Yana jin aikin a tsakanin allunan bayansa, ba a damtse ba. Ga gwajin da nake so kowa ya yi: ka ɗana kibiya, ka fuskanci allo daga kusa, taku uku ko huɗu, ka rufe ido, ka ja har bango, ka zauna inda jikinka ya ji daɗi, sannan ka buɗe ido. 'Yar ƙofar leƙen da ke jikin tsarkiya ta zo daidai idonka ba tare da ka motsa kai ba? In sai ka nemo ta, akwai gyara, ko a tsawon jan ko a mazaunin ƙofar. Wayar nan da ta nuna maka bakan ma tana da amfani a nan. Ka sa abokinka ya ɗauke ka hoto daga gefe, daga baya, in da hali daga sama. Abin da mutum ke ji a jikinsa da abin da jikin ke yi sukan sha bamban.

Wani abu da ke ruɗa sababbi shi ne yadda kamfanoni ke ƙirga incin. Ana aunawa ne daga inda gindin kibiya ke zama a tsarkiya, in an ja har bango, zuwa maƙogwaron mariƙi, inda tsakanin babban yatsa da manuni ke zama, sannan a ƙara inci 1 da kashi uku cikin huɗu. Saboda haka in ka sa tef a bakan inci 28 ka ga 26 da kwata, ba a cuce ka ba, haka ƙa'idar take. Kuma ba kowane baka ne ke cika abin da aka rubuta masa daidai ba, wasu sukan zarce da kwata ko rabin inci. Sannan wannan baka ba da yatsu aka saba sakinsa ba. Akwai ɗan zoben igiya da ake ɗaurawa a tsarkiya, da 'yar maƙala mai kunama da ake kama zoben da ita. Zoben kaɗai yana tura hannunka baya da kusan rabin inci, maƙalar kuma wata doguwa ce wata gajera. Sau da yawa wanda ke kukan bakansa ya yi tsawo, tsarkiyar tana zaune daidai a fuskarsa, maƙalar ce ke bukatar a rage mata wuya. Ku rarrabe abu biyun nan: tayoyi ke sa inda tsarkiya ke tsayawa a fuska, zobe da maƙala ke sa inda hannu ke zama.

Yanzu maganar saye. Wannan baka ba a cika samunsa a kasuwanninmu ba, yawanci ta intanet ake odarsa, ko a sami na hannu wurin wanda ya dawo daga waje. Kafin ka tura ko sisi, ka tambayi abu uku. Na farko, daga inci nawa zuwa inci nawa ake iya daidaita shi? Akwai tsofaffin bakuna da tayarsu lamba ɗaya take da ita, in ba taka ba ce sai an canja tayar gaba ɗaya, samunta kuwa aiki ne. Akwai masu ɗan faranti a jikin taya, wanda ake kwance dunƙulensa da alanki a matsar da shi rabin inci rabin inci. Akwai kuma waɗanda aka yi domin masu tasowa, da ke tafiya daga ƙasa da inci 20 har zuwa 30. Ga wanda bai gama girma ba, ko bai gama gano jansa ba, irin wannan ya fi. Na biyu, na dama ne ko na hagu? Ba a juya shi. Kuma ido ake bi, ba hannu kaɗai ba: ka haɗa tafukanka ka bar 'yar ƙofa, ka kalli abu mai nisa ta cikinta da ido biyu, ka jawo hannuwan zuwa fuska, idon da ƙofar ta sauka a kansa shi ne shugaba. Na uku, nauyin jansa yana sauka har ina? Araha ba ta ado. Bakan laba 70 mai inci 30 da aka sayar maka da rahusa, in kai mai 26 ne, ado kawai zai yi a jikin bango.

Nauyin ja da tsawon ja 'yan uwan juna ne, domin wanda nauyi ya fi ƙarfinsa ba zai taɓa gane tsawonsa na gaskiya ba, kokawa kawai yake yi. Namiji baligi ya fara da laba 30 zuwa 40, mace da matashi 20 zuwa 30, babu kunya a ciki. Gwajinsa mai sauƙi ne. Ka zauna a kan kujera, ka miƙa bakan saitin allo, ka ja a hankali ba tare da ka ɗaga shi sama ko ka murɗa jiki ba. In sai ka nuna sararin samaniya sannan ka iya ja, ya fi ƙarfinka. Wannan ɗagawar ma an hana ta a gasa, domin in maƙala ta kuɓuce a lokacin, kibiyar takan yi tafiyar ɗaruruwan mita ta sauka inda ba wanda ya sani.

Na san halinmu na zumunci, kuma ina son sa. Mutum ɗaya ya sayi abu, unguwa duka ta ɗana. Amma a wannan baka, kayan aro ba ya rufe katara. In abokinka ya fi ka tsawon hannu, kana jan nasa kana koya wa jikinka karkata. In ka fi shi, kibiyoyinsa na iya yi maka gajarta in aka ƙara tsawon jan ba a canja su ba, tsinin ya zame daga mazauninsa ya nufi bayan hannunka. In kuna son ku haɗa kuɗi ku sayi na taro, ko wani malamin makaranta yana son ya fara wa ɗalibai, akwai bakan da aka yi domin haka, sunansa Genesis. Ba shi da sassauci kuma ba shi da tsayayyen tsawon ja, nauyinsa laba 10 zuwa 20, yaro da babba duk suna jan sa. Da shi aka gina shirin koyar da harbi a makarantun Amurka, wanda ya faro a jihar Kentaki a 2002. A irinsa mutum ke koyon tsayuwa, ya gano inda hannunsa ke son zama, kafin ya sayi nasa na kansa.

Kibiya kuma ba a yanka ta sai an gama daidaita ja. Wannan tsarin kada a juya shi. In an yanka, a bar ta ta zarce mazauninta da inci guda ko fiye. Taurin sandarta ma yana bin nauyin ja da tsawonta, kamfanonin kibiya suna da jadawalin wannan. Ina roƙonku, kada wanda ya ɗana kibiyar kyauro ko ta kara a wannan baka. Kyauro ya yi wa kakanninku aiki domin bakansu a hankali yake tura shi. Wannan kuwa fizga yake yi, kyauron zai tarwatse, ɓaraguzansa su shige hannun da ke riƙe da baka. Kibiya mai sauƙin nauyi ƙwarai ita ma haɗari ce, ƙa'idar da aka sani ita ce kada ta gaza giren 5 ga kowace laba, wato bakan laba 60 yana son kibiyar da ta kai giram 19 da ɗoriya. Kibiyar kabon kuwa, duk lokacin da ta bugi abu mai tauri, a lanƙwasa ta kaɗan kusa da kunne a saurara, in ta yi ƙara a karya ta a jefar. Babban haram shi ne a ja bakan a saki babu kibiya. Ƙarfin da ya kamata kibiya ta tafi da shi sai ya koma cikin bakan, tsarkiya ta tsinke, taya ta lanƙwashe, reshe ya tsage, wani lokaci har a fuskar mai shi. Baƙon da ya ce bari ya ɗan ja ya ji, shi ne ya fi yin wannan. Ka hana shi da fara'a, amma ka hana shi.

Gyaran da ya wuce na alanki, kamar murɗa tsarkiya don a rage kwatan inci, yana bukatar na'urar matse baka. Kada a gwada da igiya da turmi, kada a kai wa mai faci ko makaniken babur, komai gwanintarsa a sana'arsa, domin rassan nan a ɗaure suke da ƙarfin da zai iya karya yatsa. In kuma ka matsar da farantin tayar sama, ka tabbata na ƙasa yana kan lamba ɗaya da shi. Ku kuma tuna da yanayinmu. Zafin bazara a nan yakan haura digiri 40, tsarkiya kuwa tana miƙewa da zafi da yawan aiki, tsawon ja ya ƙaru ba ka sani ba. Kada a bar baka a but ɗin mota ko ƙarƙashin kwano da rana. Lokacin hunturu a riƙa share ƙura daga tayoyi, a shafa wa tsarkiya kakinta. Ka sami ɗan littafi ka rubuta awonka ranar da komai ya zauna daidai, domin ranar da harbi ya rikice ka san inda za ka duba. Kai da ba ka kai ashirin ba, ka sake auna faɗin hannuwanka duk bayan 'yan watanni, jikinka bai gama magana ba.

'Yata, ban manta da ke ba, kuma kada wani ya ce miki wannan na maza ne. Sassaucin da tayoyin nan ke yi ya sa natsuwa ta fi ƙarfi tasiri. A Balin ta Jamus, a 2023, wata 'yar Indiya mai suna Aditi Swami ta zama zakarar duniya a wannan baka tana da shekara 17. A 2025 aka amince a shigar da shi wasannin Olamfik karo na farko, a Los Anjalas a 2028, kuma gasar ta mutum biyu ce, namiji ɗaya mace ɗaya. Ƙasar da ba ta da maharbiya ba ta da ƙungiya. Abin da zan ja hankalinki a kai biyu ne. Mata da yawa gwiwar hannunsu takan lanƙwasa ciki fiye da ta maza, sai tsarkiya ta riƙa dukan damtse ko da tsawon jan daidai yake. Maganinsa a juya gwiwar ta kalli waje, a bar mariƙin ya zauna a kan tudun babban yatsa, kada a damƙe shi, a kuma ɗaura fatar kare damtse. Sannan hijabi ko mayafi a tattare shi a soke ta yadda ba abin da ke lilo a gaban ƙirji da gefen fuska, domin tsarkiya ba ta ƙyale abin da ta tarar a hanyarta. Ku ma samari, faffaɗan hannun riga a naɗe shi.

Akwai maganar da ba zan iya tsallakewa ba, ko da tana da nauyi. Kun san halin da ƙasarmu take ciki fiye da shekara goma. Kun san abin da sunan Dumburum da Sububu ke tayarwa a zuciyar uwa. Babu gidan da bai yi kuka ba, ko na jini ko na maƙwabtaka. Ina jin zafin da ke cikin ƙirjinku, ni ma yana cikin nawa. Amma wannan baka da nake koya muku na fili ne da allo. Duk wanda ya ce maka da shi za ka tari mai bindiga, ko ka rama abin da aka yi wa gidanku, bai ƙaunace ka ba, kuma ba shi zai zauna da mahaifiyarka ba. Kada ku shiga daji da shi da sunan farauta a wannan lokaci. Kada ku rataya shi a babur a buɗe kuna ratsa shingen jami'an tsaro, a sa shi cikin jakarsa. Kafin ku fara atisaye, ku je wurin mai unguwa ko hakimi, ku sanar da ofishin 'yan sanda, ku gai da Sarkin Baka in garinku yana da shi, ku faɗa musu wurin da lokacin. Tsofaffin maharban nan ba su san taya da alanki ba, amma sun san tsayuwa da numfashi da haƙuri, kuma za su ji daɗi a ce yara sun zo tambaya.

Wurin atisayen ya kasance da katanga mai kauri ko tudun ƙasa a bayan allo, ba hanya, ba gona, ba turken dabbobi. Buhun da aka danƙare da tsummoki ko ledoji yana tsayar da kibiya mai tsinin atisaye. Ku ja layi ɗaya a ƙasa, kowa ya harba daga kansa, kuma kada wanda ya tafi ciro kibiya sai an ajiye bakuna duka an yi magana da ƙarfi. Ƙananan yara za su taru kallo, wannan tabbas ne, don haka a sa mutum guda wanda aikinsa kawai tsare su a bayan layi. Ku fara daga mita 10. In kibiyoyinku shida suna taruwa a wurin da tafin hannu zai rufe, ku koma 18, tazarar da ake gasar cikin ɗaki da ita. Mita 50 tana nan tana jiran ku, sai bayan damina ɗaya ko biyu.